Yadda Ake Mayar da Tsohon Littafi ko Wasan Gargajiya Zuwa Dandamali

Littafi yana da mai ba da labari, dandamali kuwa ba shi da shi, kuma duk wahalar aikin nan daga nan ta samo asali. Marubuci zai ce "ya shekara bakwai yana jin haushin ƙanensa" a layi ɗaya ya wuce abinsa. A gaban 'yan kallo sai an ga haushin nan da ido, an ji shi da kunne. Saboda haka amanar da ke wuyanka ta labarin ce, jimlolin littafin kuwa dole wasu su tafi.

Fara da izini

Kafin ka rubuta ko harafi ɗaya, binciki wanda ke da haƙƙin mallakar littafin. Yarjejeniyar Berne, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan haƙƙin mallaka, ta ba da kariya ta aƙalla shekara 50 bayan rasuwar marubuci, ƙasashe da yawa kuma sun kai ta 70. Daga rasuwa ake lissafi, don haka littafin da aka buga a 1934 yana iya kasancewa har yau a hannun magada ko kamfanin ɗab'i. Fassara ma tana da nata haƙƙin daban. Shakespeare, marubucin wasan kwaikwayo na Ingila, ya rasu a 1616, wasanninsa na kowa ne, amma fassarar da wani ya yi musu a 1971 tana da mai ita. A karɓi izinin a rubuce.

Karanta sau uku, ka fitar da ƙashin bayan labarin

Karatun farko na jin daɗi ne, ka lura da inda zuciyarka ta motsa. A na biyu ka ɗauki ƙananan katuna, duk abin da ya faru ka ba shi katinsa: wa ya yi, a ina, me ya canja. Bayan na uku ka rubuta jimla ɗaya tak: wane ne yake neman me, me ya tare masa hanya, me ya rasa kafin ƙarshe. Idan jimlar ta ƙi fitowa, ba ka shirya ba tukuna.

Sai ka baje katunan a ƙasa. Duk wanda bai taɓa jimlar nan ba, ajiye shi gefe. Wasan minti 90 yakan ɗauki fitowa (yankin wasa da ke faruwa a wuri guda) 12 zuwa 18, alhali katunan littafi guda kan haura 50.

Yanka

Nan ne masu ƙaunar littafi suke kasawa. Wasan Hamlet na Shakespeare, idan aka yi shi cikakke, yana cin kusan awa huɗu, shi ya sa da wuya a ga wanda bai rage shi ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗan tsakuri kowace fitowa, sai wasan ya zama gudu-gudu, babu inda aka tsaya aka numfasa. Gara ka cire reshe guda ɗungurungum, da mutanensa da komai, ka bar sauran su sake. Abokai uku da suke aiki iri ɗaya a labarin, haɗe su su zama mutum ɗaya.

Amma duk fitowar da ka cire, ka duba ko akwai wani bayani a cikinta da ƙarshen labari ya dogara a kansa. Idan a can ne aka fara nuna zoben da za a gane yaro da shi, to dole zoben ya sami wani wurin bayyana tun da wuri, in ba haka ba 'yan kallo za su ga kamar daga sama ya faɗo.

Mayar da bayani ya zama aiki

Mu koma ga wan nan mai haushi. Kada ka sa shi ya tsaya yana cewa yana jin haushi. Sa ƙanen ya shigo da sallama, ya durƙusa ya miƙa hannu biyu. Wan ya amsa a daƙile, idonsa na kan igiyar da yake tufka, ya bar hannun a miƙe har mutumin ya janye shi da kansa. Cikin daƙiƙa ashirin an biya shekara bakwai.

Akwai littattafan da suka zo da mai ba da labarinsu a shirye. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar wasan kwaikwayo a 1975, malamin ne da kansa yake ba almajiransa tarihin rayuwarsa. Irin wannan zubi kyauta ce ga mai tsara wasa. Sharaɗinsa ɗaya: mai ba da labari ya tsallakar da mu shekaru da garuruwa, amma kada ya faɗi abin da za a nuna yanzu-yanzu. In ya faɗa kuma aka nuna, an ci lokaci sau biyu.

Maganganun da kowa ya haddace daga littafin, da kirari da karin magana, bar su yadda suke, don su 'yan kallo suke jira. Dogayen jimloli kuwa a karya su daidai numfashin ɗan wasa.

Idan za ka ɗauke labarin daga ƙasarsa ko zamaninsa, tabbatar dalilin faruwar abubuwa bai rushe ba. Ola Rotimi, marubucin wasan kwaikwayo ɗan Najeriya, ya ɗauko labarin sarki Edifus na tsoffin Girkawa ya kai shi masarautar Yarabawa a 1968, ya kuma zauna daram, domin duba da sarauta da ƙaddara duk suna da gurbi a can. Amma masifar Romeo da Juliet, masoyan nan na wasan Shakespeare, ta rataya ne a kan wasiƙar da ba ta isa ba. Ka kawo su zamanin wayar hannu ba tare da ka sami wani dalilin ba, labarin ya mutu.

Wasan gargajiya yana da nasa hukunci

Wasan gargajiya a fili aka haife shi, mutane kewaye da shi, ana ba da waƙa ana amsawa. Ka ɗora shi a dandamali mai tsawo, ka kashe fitilun zaure, ka ce kowa ya yi shiru, to kifi ka fitar daga ruwa. Zaunar da 'yan kallo ta ɓangare uku, ka bar musu ɗan haske yadda 'yan wasa za su ga fuskokinsu. Amshin waƙa a koya wa zauren tun a mintunan farko, wani daga cikin 'yan amshi ya ja su.

Irin waɗannan wasanni, kamar na tashe, gajeru ne, kowanne 'yan mintuna. Jera goma a jere ba ya zama wasa, sai an sami zaren da zai ɗinke su: ayari ɗaya da yake bi gida-gida, ko mutum ɗaya da abin yake ƙara cakuɗe masa daga wannan zuwa wancan. Kada kuma ka rubuce wasan gaba ɗaya. Bar gurbin da ɗan wasa zai yi ba'a da abin da ya gani a zauren, amma ka kafa masa kalmar shiga da kalmar fita, da iyakar lokaci, misali minti biyu. In babu wannan, mai barkwanci zai cinye wasan. Makaɗi ya kasance tun ranar gwajin farko, domin shi ke riƙe da saurin wasan. Kawo shi a makon ƙarshe yana sa a sake gina komai.

Je wurin masu abin ka koya daga bakinsu, ka nemi yardarsu kafin ka naɗi murya, ka biya su, ka sa sunayensu a takardar shiri. Abin da yake na ibada ko na asiri a wurinsu, tambaye su iyakar abin da za a iya nunawa, ka tsaya a nan.

'Yan wasa da kaya

Tsoffin Girkawa da 'yan wasa uku da 'yan amshi suke gama wasa, mutum ɗaya ya fito a matsayi da yawa. Zana jadawali, fitowa a tsaye, sunaye a kwance, nan take za ka ga wanda zai iya ɗaukar matsayi biyu. Alama ɗaya ta isa ta bambanta su, hula ko sanda ko mayafi, tare da canjin tafiya da murya. Yaƙi da ayarin raƙuma da teku ba sa buƙatar gini: dogon ƙyalle, ganga, da manzon da zai shigo yana haki ya ba da labari. Canjin fitowa kada ya wuce daƙiƙa 30, in zai wuce a rufe shi da waƙa.

Gwaji a gaban baƙi

Kafin a fara haddar layi, tara 'yan wasa su karanta rubutun da ƙarfi, agogo a gabanka. Gayyato mutum biyar ko shida da ba su taɓa karanta littafin ba, domin wanda ya san labarin yana cike giɓi da kansa bai sani ba. Bayan an gama kada ka tambaye su ko ya yi daɗi. Ce musu su maimaita maka labarin, su faɗi dangantakar wane da wane, da inda hankalinsu ya tafi wani wuri. Inda biyu daga cikinsu suka ruɗe a wuri guda, koma kan katunan da ka ajiye gefe, galibi abin da ya ɓace yana cikinsu.