Kurakuran da aka fi yi wajen goga wuƙa a fata

Wanzami in ya gama wasa askarsa a dutse, ba ya ɗora ta a kan mutum sai ya goga ta a fata. Gugar nan ce ke kwashe ɗan siririn ƙarfen da dutse ya bari a lanƙwashe a baki, ta kuma miƙar da bakin. Wuƙar yanka da ta fiɗa ma haka suke so. Amma sai ka ga mutum ya haɗa fatarsa a gida, yana ta guga wuƙa na ƙara dakushewa, ƙarshe ya ce maƙeri ne ya cuce shi da ƙarfe. Galibi laifin hannu ne.

Da farko, fata ba dutse ba ce. Wuƙar da ta dakushe ko ta yi giɓi, ko ka wuni kana gogawa ba za ta yi kaifi ba. A fara da dutse har sai ka shafa babban yatsa daga bayan wuƙa zuwa baki, ka ji wani ɗan kaushi yana kama ka tun daga gindi har tsini. Sannan aikin fata ya zo.

Sai alkiblar ja. A dutse mutane sun saba tura baki gaba, sai su kawo wannan sabon kan fata, wuƙa ta yanke ta. A fata bayan wuƙa ne ke gaba, baki na biye.

Inda aka fi ɓarna kuwa shi ne ƙarshen ja. Hannu ya kai ƙarshen katakon da aka manna fatar a kai, sai mutum ya murɗa wuyan hannu ya ɗaga bayan wuƙa don ya juyo. A wannan ɗan murɗin baki yake miƙewa tsaye ya goge fata, kaifin da aka sha wahala a kansa ya mulmule. Mai yi ba ya ma sanin yana yi, sai na gefe ya gaya masa. Gyaransa: in ka kai ƙarshe ka tsaya cak, ka ɗaga wuƙar gaba ɗaya, ka juya ta a sama, sannan ka kwantar da ita ka dawo. Saurin da ake gani wurin mahauta a kasuwar Wudil ranar Juma'a shekaru ne suka kawo shi, kada ya ruɗe ka. Kwanciyar wuƙar ma ta zama yadda ta kwanta a dutse, wajen digiri 15 zuwa 20, ko ƙasa da haka kaɗan. Gara a kwantar da a ɗaga.

Dannawa ma tana jawo irin wannan. Fata tana da laushi, in ka danna sai ta lotsa ta naɗo bakin ta baya. Nauyin wuƙar da ɗan na yatsa ya isa, sau 10 zuwa 20 kowane gefe.

Ita kanta fatar: kada a ɗauko mai taushi irin ta akuya da dukawa ke ɗinka jaka da ita a ninka. A nemi ƙirgi mai tauri ko tsohon bel, a manna shi da gam a kan katako miƙaƙƙe mai faɗin inci 2 zuwa 3. Ƙusa a saman fata, a'a, ita za ta fara cin bakin wuƙar. Wanda ya samu man goge ƙarfe ya shafa kaɗan a gefen fatar mai kaushi. In aka lafta, dasƙarewa yake yi, wuƙa ta riƙa zamewa a banza; sai a kankare da bayan wuƙa a sake.

Akwai kuma ƙura. Da hunturu ka bar fata a tsakar gida kwana ɗaya, yashi ya shige ta, kowane ja sai ya karce baki. A goge wuƙa tas bayan dutse, fatar kuma a naɗe ta a tsumma. In ta bushe tana neman tsagewa, ɗigon man kaɗanya ya wadatar.

Gwajin ba wuya: wuƙar ta ratsa takarda ba ta yaga ba, ko ta shiga bayan tumatir ba tare da an danna ba. Mai shirin layya ya gama duk wannan tun daren Sallah, don malamai sun karhanta wasa wuƙa a gaban dabbar da za a yanka.