Yadda na kori hayaniya daga faifan auna siginar ƙwayoyin jijiya

Sati uku ina fama. Na shuka ƙwayoyin jijiyar ɓera a kan faifan gilashi mai ƙananan elektirod (ɗigon ƙarfe masu ɗaukar siginar lantarki) 60 na zinariya, kowanne faɗinsa maikiromita (kashi ɗaya cikin dubu na milimita) 30, tazararsu 200. A madubin ƙara girma ƙwayoyin lafiya lau, amma a allon kwamfuta babu komai sai hayaniya, wato sigina barkatai da ke rufe ta gaskiya.

Da farko na ɗora wa wutar lantarki laifi, don gurnaninta na 50 Hz (bugu 50 a daƙiƙa) ya fito ƙarara. Na rufe na'urar da kejin Faraday (ragar ƙarfe mai tare kutsen lantarki daga waje), na haɗa wayoyin ƙasa wuri guda, na kashe fitilar saman tebur. Gurnanin ya tafi, hayaniyar tana nan daram.

Sai na yi abin da ya kamata in fara da shi: na auna turjiyar kowane elektirod, wato yadda yake hana lantarki wucewa, a 1 kHz (Hz dubu). Kusan megaohm guda, wato ohm (ma'aunin turjiya) miliyan! Zinariya tsirara, in ta yi ƙanƙanta haka, turjiyarta hawa take yi, hayaniyar zafi, wadda ɗumi ke haifarwa cikin duk abu mai turjiya, ta biyo ta. Siginar jijiya a wajen ƙwaya kuwa 'yan gomman maikirobolt (kashi ɗaya cikin miliyan na bolt) ce, nan da nan take nutsewa.

Na shafe kawunan elektirod ɗin da baƙin falatinam (baƙin garin ƙarfen falatinam) ta hanyar lantarki. Yana da kaushi kamar soso, don haka fuskar da ke taɓa ruwan ta ninka ba tare da faɗin elektirod ya ƙaru ba. Shafin farko ya ɓare wajen wanki, haushi kamar in yi kuka. Na sake, wannan karon faifan na cikin kwanon girgiza na altirasonik (sautin da kunne ba ya ji), shafin da bai kama da ƙarfi ba ya zube tun a nan, mai ƙarfi ya kama.

Turjiya ta sauko ƙasa da kiloohm 100 (ohm dubu ɗari). Kwana goma bayan sabuwar shuka, siginar ta fara tsalle a layin elektirod na 41.