Yadda za a hana gubar dayoksin tasowa daga bola zuwa cikin ƙwai da nama

Wuta ce ke haifar da dayoksin idan abubuwa uku suka haɗu: kayan da ke ɗauke da sinadarin kulorin, ƙarancin iska, da zafin da bai kai ya kawo ba. Ta fi samuwa tsakanin digiri 200 zuwa 450 a ma'aunin Salsiyas, wato daidai zafin bolar da aka cinna wa wuta da magariba, ta kwana tana ci ta ciki, gari ya waye tana turnuƙe unguwa da hayaƙi. Idan kuma akwai tagulla a cikin tarin, irin guntayen wayar lantarki, to an ƙara wa Barno dawaki, domin tagulla na hanzarta haɗuwar gubar.

Dayoksin da 'yar'uwarta furan dangi ne mai iri 210, amma 17 daga ciki ne ke da haɗari sosai. Mafi muni ita ce TCDD, wadda hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa a sahun abubuwan da ke jawo wa ɗan Adam kansa tun 1997. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne hanyar da take bi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 90 cikin 100 na dayoksin da ke shiga jikin mutum ta abinci take shiga, musamman nama, madara, ƙwai da kifi. Ba ta narkewa a ruwa, kitse take maƙalewa, kuma jiki na ɗaukar shekara 7 zuwa 11 kafin ya rage rabinta. Saboda haka toshe hanci idan an zo wuce bola ba ya magance komai. Aikin yana wajen wuta, da toka, da inda dabbobi ke kiwo.

A fara da tsame kulorin daga shara. Babban tushensa roba ce mai suna PVC: bawon wayar lantarki, fayif ɗin ruwa, ledar shimfiɗa a ɗaki, fatar kujera ta roba, wasu takalman roba, da tiyon ƙarin ruwa na asibiti. Idan robar na da alamar kusurwa uku, a duba lambar da ke ciki. 3 ita ce PVC. In babu alama, a yanki ɗan guntu a jefa a kofin ruwa. Wanda ya yi yawo a sama galibi ba PVC ba ne. Wanda ya nutse yana iya zama ita, ko kuma robar gorar lemo mai lamba 1, don haka a ware shi kawai. Ledar fiya-wata da baƙar leda ba su da kulorin a jikinsu, amma hakan bai halatta hura murhu da su ba: hayaƙinsu na da nasa sharrin, kuma da wuya a same su ba tare da gishirin ragowar abinci ba, shi ma gishiri yana ɗauke da kulorin.

Sauran sharar gida a raba ta. Ɓawon kayan miya, ragowar tuwo, ganye da kashin dabbobi su tafi ramin taki. Gwangwani, gora da ƙarfe na 'yan jari-bola ne. Abin da ya rage bayan nan kaɗan ne, kuma gara a kai shi inda motar shara ke ɗauka da a ƙona shi a bayan katanga.

Masu sana'ar gwangwan su ne suka fi kowa kusa da haɗarin. Wanda ya taɓa tsayawa inda ake babbake waya don fitar da tagulla ya ga harshen wutar yana yin kore-kore. Wannan launi shaida ce cewa kulorin da tagulla sun gamu a cikin wuta. Hanyar da ta dace ita ce fiɗar wayar da wuƙa ko da ƙaramin injin feɗe waya; tana cin lokaci, amma tagullar na fitowa fes, ba ƙauri ba baƙi. A Agbogbloshie da ke Accra, inda aka daɗe ana wannan ƙone-ƙone kafin a rushe wurin a 2021, ƙungiyoyin kare muhalli na IPEN da Basel Action Network sun auna ƙwan kajin da ke kiwo a wurin, suka fitar da sakamako a 2019: babban mutum da ya ci ƙwai ɗaya tak ya ninka iyakar dayoksin ta yini guda da hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta gindaya har sau 220.

Kaza kuwa, a nan ya kamata mai gida ya fi sa ido. Kazar da aka sake tana tonon ƙasa, tana cin tsutsa da ƙwari, tana birgima a toka, kuma duk abin da ta kwasa yana tarewa a gwaiduwa. Idan gidanka na kusa da bolar da ake ƙonawa, ka killace kaji a akurki ko fili mai shinge, ka kankare saman ƙasar da toka ta taɓa, ka zuba sabon yashi, ka riƙa ba su abinci a mazubi maimakon watsa shi a ƙasa. Akuya da saniyar tatsa ma haka. Kada a bar su suna lasar tokar bola. Manomin da ke sayen takin bola ya tambaya ko an ƙona shi, domin tokar sharar da ta haɗu da roba ba taki ba ce. Ruwan tokar da ake girki da shi kuma ya zama na karan gero ko na dawa zalla, wanda ba a hura wutarsa da leda ba.

A mahauta, babbake ganda da kai da ƙafa da tsohuwar taya ko tarkacen roba yana shafa wa naman hayaƙin kai tsaye, kuma kankarewa da wanki ba sa cire abin da ya shiga kitse. A yi da itace ko na'urar hura wutar gas. Dafuwa ba ta kashe dayoksin. Abin da uwargida za ta iya yi shi ne rage kitse, cire fatar kaza, da kwashe man da ya taso a saman romo idan tana shakkar inda naman ya fito. Mai shayarwa dai ta ci gaba da ba jariri nono, don amfaninsa ya fi ƙarfin wannan fargaba.

Ƙananan asibitoci na da nasu aikin. Kusan kashi 85 cikin 100 na sharar asibiti shara ce irin ta gida, don haka rarrabewa tun a ɗakin jinya yana rage abin da za a ƙona ƙwarai. Abin da za a iya kashe wa ƙwayoyin cuta da tururi, a sa shi a tukunyar tururi a digiri 121 na aƙalla minti 30. In ƙonawa ta zama dole, ana bukatar tanda mai ɗaki biyu da zafinta ya haura digiri 850. Dokar Turai ta ce hayaƙin ya daɗe a wannan zafi na daƙiƙa 2. A fara ɗumama tandar da busasshen itace kimanin rabin awa kafin a zuba komai, sannan a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan. Baƙin hayaƙi na nuna an cika mata ciki ko roba ta yi yawa, farin hayaƙi mai kauri kuma jiƙaƙƙen kaya ne ke kashe zafin. Kuskuren da aka fi yi shi ne a cusa sharar yini guda a tanda mai sanyi, a watsa kananzir, a kama gaba. Tokar da ta fito a binne ta a rami mai murfi, nesa da rijiya, cikin shinge.

Ta fuskar doka, yarjejeniyar Stockholm ta 2001, wadda ta fara aiki a 2004, ta ɗora wa ƙasashen da suka shiga, ciki har da Najeriya da Nijar da Ghana, nauyin rage dayoksin da ke fita ba da niyya ba. A Najeriya hukumar NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli na da ƙa'idojin 2011 kan ƙona daji da ƙona shara a fili. Sai dai auna dayoksin aiki ne mai tsada da ke bukatar ɗakin gwaji na musamman, don haka ba a cika yin sa a nan ba, ba kamar a Turai ba, inda gurɓatar abincin kaji a Beljiyam a 1999 ta sa aka kafa iyaka a kan ƙwai da madara, ake kuma aunawa a kai a kai. Abin da unguwa za ta iya yi da wannan doka shi ne ta rubuta ƙorafi ta hannun mai unguwa zuwa sashen duba-gari na ƙaramar hukuma da hukumar muhalli ta jiha, ta faɗi wurin, ranakun da ake ƙonawa, irin kayan da ake ƙonawa, da nisan bolar daga gidaje, makaranta da wuraren kiwo, a haɗa da hotuna masu kwanan wata.