Kunne kafin baki: Turancin Koriya ga sababbin zuwa

'Yan'uwa da kuka sauka Seoul kwanan nan, ku daina cewa "ai na iya Turanci". Kalmar Turanci idan ta shiga bakin Bakoriye sai an sake mata gini, kuma ginin yana da doka.

Rubutunsu na Hangul gaɓa-gaɓa yake tafiya, kuma baƙaƙe biyu ba sa haɗuwa a farkon gaɓa, sai a cusa wasali, kamar yadda muka yi da burodi da sukurudireba. Ba su da f, v da z. Mu muna mayar da p ta koma f, mu ce fasfo. Su akasin haka suke yi, kofi ya zama kopi. Da kalma ta yi tsawo sai su datse ta a kan iyakar gaɓarsu, yawanci su tsinci farkon kowane ɓangare. Na'urar sanyaya ɗaki e'okon ce, rimot kuwa rimokon, hoton da ka ɗauki kanka selka. Wannan kwana biyu ya isa ka kama.

Inda ake kuka shi ne wajen dillalin gida. Idan ya ce bila, kada ka hango katafaren gida mai lambu, ƙaramin bene ne mai hawa huɗu ko biyar, sau da yawa ba lif. 원룸, wato "one room" na Turanci, ɗaki ɗaya ne da kicin da banɗaki, amma a baki za ka ji wollum ko wonnum, don n da r ba sa zama maƙwabta lafiya. Pul-opshon na nufin da firji, injin wanki da e'okon, ba lallai da gado ba. A rubuta maka kayan ɗaya bayan ɗaya a takardar haya. Opisutel, wato ofis da otal a haɗe, ka tambaya tun kafin ka ajiye bojunggum, kuɗin ajiya, ko mai gida zai yarda ka yi rajistar adireshinka a can. Wasu sun yi wa ɗakin rajista a matsayin ofis, sai su ƙi, kuma rajistar nan ce ke kare kuɗinka. Gwallibi, kuɗin kula da gini, daban yake da haya.

Alba kuma, aikin wucin gadi, daga Jamusanci aka gutsuro ta. Ɗalibi mai biza D-2 kada ya taɓa ta sai da izinin ofishin shige da fice, ko da wani ɗan'uwa a masallacin Itaewon ya ce ba komai.