Kare Kwamfutar Gida Daga Miyagun Manhajoji

Miyagun manhajoji kan shigo ta imel, kuma sau da yawa mai kwamfutar ne ke buɗe musu da hannunsa. Windows na ɓoye ƙarshen sunan fayil, shi ya sa "rasit.pdf.exe" ke fitowa kamar "rasit.pdf". Shiga File Explorer, wato wurin duba fayilolin kwamfuta, ƙarƙashin View, ka kunna nuna ƙarshen suna. Saƙon da ya zo da fayil mai ƙarewa da .exe, .js ko .scr, goge shi kawai, domin irin wannan fayil na iya zama muguwar manhaja. Takardar Word da ba ka san mai ita ba, tana neman ka danna "Enable Content", tarko ce.

Kafin ka danna mahaɗi (link), ɗora kibiyar linzami a kai, ka karanta adireshin da ya bayyana a ƙasa. Guji manhajar da aka kwafa ba bisa ƙa'ida ba, araharta kan zo da tsada. Bar Microsoft Defender, manhajar kariya ta Windows, a kunne, kar ka riƙa ɗage sabuntawa.