Auren Kabewa: Zaɓen Gindi da Cikar Ƙwayar Mai

Ana yi wa kabewa aure kamar yadda ake yi wa mangwaro. Tsiro biyu ake haɗawa: gindi mai saiwa, da kai mai ba da 'ya'ya. Manoman Japan da Koriya sun soma wannan dabara wajen 1920 zuwa 1930, suna ɗora kankana a kan dangin kabewa da duma don tsira daga cutar yaushi da ke zaune a ƙasa.

Gindin da aka fi amfani da shi tsatson kabewa iri biyu ne da aka barbara, kamar Shintoza. Saiwarsa tana nitso, tana jan ruwa sosai. Amma gindi mai ƙarfi yana sa yaɗo ya yi yawa, fure ya yi jinkiri. Don haka a rage takin yuriya.

A yi auren tsiro yana da kwana 7 zuwa 10, kaurin karan biyu ya zo ɗaya. A sa sabuwar reza. A yanke kunne ɗaya na gindin (kunnuwa su ne ganye biyu na farko da tsiro ke fitowa da su) a karkace, tare da idon tohonsa. Nan ake yawan kuskure: in idon ya saura, gindin zai sake toho ya danne kan. A yanke kai a karkace, santimita 2 ƙasa da kunnuwansa, a haɗa fuskokin, a matse da maƙali. A rufe da leda a inuwa, cikin laima sosai, zafi digiri 25 zuwa 28. Kwana 3 na farko ba haske, sannan a riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan har kwana 10. Wajen dasawa, kada mahaɗar ta taɓa ƙasa, domin kan zai fitar da saiwarsa, cutar ta samu ƙofa.

Wajen yawan man ƙwayar kabewa da irinsa, kan da aka ɗora ne ke da babban rabo. Ƙwayar kabewa marar ɓawo takan ba da mai kusan rabin nauyinta, kuma gindi ba ya mai da iri marar mai ya zama mai mai. Taimakonsa shi ne ya riƙe ganye kore lokacin da ƙwaya ke cika, don kada ta fito holoƙo. A bar kabewar ta nuna sarai kafin a tsinka, a shanya ƙwayar har ta riƙa karyewa ƙas in an lanƙwasa.

Wanda ya ajiye iri daga kabewar aure, halin kan da aka ɗora zai samu. Kowace shuka sai an sake auren.