Igamarka: Wa'adi Ne Ya Cika, Ko Soke Ta Aka Yi?

Mu Hausawan Saudiyya, duk takardar da ta daina aiki, har da igama, wato katin izinin zama, sai mu ce "ta mutu". Tsakaninmu babu laifi. Amma a gaban ma'aikacin Jawazat, wato hukumar fasfo da izinin zama, ko a manhajar gwamnati ta Absher idan ka sa ta a Turanci, kowace mutuwa da sunanta, kuma sabon zuwa yakan yi asarar kuɗi da kwanaki don ya faɗi wadda ba ita ba.

Idan ka ga "expired", wato "muntahiya" a Larabci, wa'adi ne kawai ya cika, babu wanda ya taɓa ta. Maganinta sabuntawa, kuma wannan nauyin kafilinka ne, wato wanda kake zaune a ƙarƙashin sunansa. Don Allah ka riƙa tuna masa tun da sauran lokaci, saboda jinkiri yana jawo tarar riyal 500 a karon farko, 1,000 a na biyu, na uku kuwa sai tarhil, wato a mayar da kai gida. Banki ma yakan tsayar da asusunka. Kada ka dogara da katin da ke aljihunka, shiga Absher ka ga ranar da idonka.

"Cancelled", ko "mulga", ita ce mai nauyi. Wani ne ya sa hannu ya soke, ko da wa'adi bai cika ba. Biyan kuɗin sabuntawa ba ya tashe ta. Tambayi wa ya soke da dalilinsa, kafin ka ba kowane ɗan tsakiya ko sisi.

Sai "damaged", wato "talif". Katin ne ya tsage biyu, ko aka wanke shi cikin aljihun jallabiya har hoton ya goge, amma izinin zamanka yana nan daram. Abin da za a nema maka shi ne "badal talif". Adana guntayen a leda, kada ka yar, su ne shaidarka. Idan ka ce "lost" alhali karyewa ya yi, ka kai kanka layin "badal faƙid", na wanda katinsa ya ɓata, wanda dole ya kai rahoto cikin awa 24, ga kuma tara.

Fasfo kuma ba Jawazat ke ba da sabo ba. Ɗan Najeriya sai ofishin jakadancinmu a Riyad ko ƙaramin ofishin da ke Jidda. Bayan ka karɓa, a mayar da bayananka kan sabon, abin da ake kira "naƙal ma'alumat", kafin ka sayi tikitin gida.